Gida Biyu Maganin Gobara? Rayuwar 'Yan Birtaniya Masu Raba Shekara Tsakanin Ƙasa Biyu

 

Duk shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, sanyi ya fara kunno kai a Birtaniya, akan ga wani irin ayari a tashar jiragen ruwa ta Portsmouth da ke kudancin Ingila. Galibinsu dattawa ne, mata da miji, mota maƙare da akwatuna, kare a kujerar baya, ga kwalayen ganyen shayi da za su ishe su wata da watanni. Jirgin ruwa zai kwana da su a teku ya sauke su a Santander ko Bilbao a arewacin Sifaniya, daga nan su miƙe kudu har gaɓar Bahar Rum. Wanda ba ya son wahalar tuƙi ya hau jirgin sama mai araha, cikin awa uku ya sauka a Alicante ko Malaga. Kowannensu yana riƙe da makulli biyu, ɗaya na gidan Ingila, ɗaya na gidan Sifaniya, shekara kuma ya raba ta tsakaninsu. Mu a nan sai mu ce cin rani suke yi, illa dai namu mai cin rani yana fita ne neman abin da zai komo da shi gida, su kuwa kuɗin fanshonsu suke ɗauka su tafi neman rana.

Kada mai sauraro ya ɗauka duk attajirai ne. Da yawansu tsofaffin malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da direbobin tasi, waɗanda bayan sun yi ritaya suka sayar da babban gidan da suka raini 'ya'yansu a ciki, suka sayi ƙarami, ragowar kuɗin kuma suka mallaki ɗan gida mai ɗaki biyu a ƙasar da hunturu bai da zafin rai. Shigar Sifaniya da Fotugal cikin ƙungiyar ƙasashen Turai a 1986 ta buɗe ƙofa, jiragen sama masu araha suka ƙara wangale ta, har tashar talabijin ta Channel 4 ta ƙirƙiri shiri tun shekarar 2000 wanda aikinsa kawai ya raka mutane neman gida a ƙasashen rana. Shekara da shekaru, 'yan Birtaniya ne kan gaba a cikin baƙin da ke sayen gidaje a Sifaniya. A Faransa kuwa, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ƙiyasta cewa gidaje wajen 86,000 ne 'yan Birtaniya suka mallaka a matsayin gida na biyu, da yawa a yankin Dordogne, inda wani ƙaramin gari mai suna Eymet har ƙungiyar wasan kurket yake da ita.

Yaya yininsu yake? Da safe a taka a bakin teku, domin likita ya ce tafiya da ɗumin rana suna sassauta ciwon gaɓɓai. A zauna a sha kofi. Ranar kasuwa a sayo lemo da tumatir da man zaitun. Da hantsi maza su tafi filin wasan mirgina ƙwallo a kan ciyawa, ko ƙwallon ƙafa irin ta dattawa da aka haramta gudu a cikinta. Da dare a haɗu a gidan abincin wani ɗan ƙasarsu a yi gasar kacici-kacici. Ran Lahadi akwai coci da Turanci, akwai gasasshen nama da dankali kamar yadda aka saba a gida. Suna da jaridunsu, irin su Sur in English da ake bugawa a Malaga, suna da kantunan da ke kawo musu irin biskit da waken gwangwanin da bakinsu ya saba da shi. A garuruwa irin su Rojales da San Fulgencio a lardin Alicante, baƙi sun fi 'yan ƙasa yawa, mutum kan iya yin sati bai furta kalmar Sifaniyanci ko ɗaya ba.

Daga nesa rayuwa ce ta hutu, amma mai gida biyu ɗawainiya biyu yake yi. Kuɗin wuta da ruwa nan da can, inshora nan da can, harajin gida nan da can. Sifaniya tana karɓar haraji daga baƙo mai gida ko da bai ba da shi haya ba. Sai ya ɗauki wanda zai riƙe masa makulli, ya riƙa buɗe tagogi, ya duba ko famfo ya fashe, ya kuma tabbatar wasu ba su fasa ƙofa sun tare a ciki ba, wanda shi ne babban abin da ke hana masu irin waɗannan gidaje barci. Maganin hawan jini da na ciwon suga kuwa, likitan Ingila ba ya yawan rubuta fiye da na wata uku ga mai tafiya waje. Ga jikoki da ke girma a can gida, ana ganinsu ta waya. Ga kuma fargabar da ba a cika faɗa ba: idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya faɗi rashin lafiya da tsakar dare, wa zai yi wa likita bayani?

Duk da haka sun jure, domin a da babu mai ƙirga musu kwana. Wannan ya ƙare. A ranar 23 ga Yunin 2016 'yan Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai da rinjayen kusan kashi 52 cikin ɗari, kuma daga 1 ga Janairun 2021 suka zama baƙi kamar kowane baƙo. Dokar ita ce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma lissafin ya haɗa duk ƙasashe 29 na yankin Schengen na Turai, ba ƙasa ɗaya ba. Bari in misalta yadda abin yake a aikace. Dattijon da ya shiga Sifaniya ranar 1 ga Oktoba, kwanakinsa za su cika ranar 29 ga Disamba. Dole ya tattara ya koma, kuma ba zai sake samun shiga ba sai wajen ƙarshen Maris. Wato Janairu da Fabrairu, watannin da sanyin Ingila ya fi tsanani, waɗanda saboda su ya sayi gidan tun farko, a Ingila zai yi su. Shi ya sa yanzu hirar teburin shayi ta koma lissafi: kwana nawa suka rage maka, yaushe ka shigo, ranar da ka je bikin 'yarka a Faransa ka sa ta a ciki? Masu motocin da ake kwana a cikinsu kan tsallaka Moroko ko Turkiyya su jira kwanakinsu su dawo. Daga 12 ga Oktoban 2025 kuma Tarayyar Turai ta fara aiki da sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakin, ba jami'i mai hatimi ba.

Ƙananan abubuwa ma sun canza. Karen da a da yake da fasfonsa, aka koma sai an nemo masa sabuwar takardar likitan dabbobi a kowace tafiya. Nama da madara da cuku an hana shiga da su ƙasashen Tarayyar. Harajin da baƙo mai gida ke biya a Sifaniya ya tashi daga kashi 19 zuwa kashi 24, saboda yanzu ba ɗan Tarayya ba ne.

Suna da ƙorafi, kuma ni a ganina akwai gaskiya a cikinsa. Bafaranshe ko ɗan Sifaniya yana iya zama a Birtaniya har wata shida a jere ba tare da biza ba, su kuwa wata uku aka ba su. Faransa ta so ta gyara. A Disamban 2023 majalisar dokokinta ta amince da wani sashe da Sanata Martine Berthet ta gabatar, wanda zai sauƙaƙa wa 'yan Birtaniya masu gida na biyu samun izinin dogon zama, amma a Janairun 2024 Majalisar Tsarin Mulki ta soke shi, bisa dalilin cewa ba shi da alaƙa da ainihin dokar da aka liƙa shi a ciki. Don haka mai son wata shida a Faransa sai ya nemi biza duk shekara. A Sifaniya bizar zama ga wanda ba ya aiki tana bukatar ya nuna yana da kuɗin shiga na kusan Yuro 2,400 a wata, abin da fanshon gwamnatin Birtaniya shi kaɗai bai kai ba, kuma duk wanda ya haura kwana 183 a shekara ya shiga hannun hukumar harajin ƙasar. Bai dace kuma a ce musu abin da suka shuka ne suke girba ba, domin da yawa daga cikinsu ba su zaɓi ficewa ba.

Sai dai mai sauraro a Kano ko Damagaram zai lura cewa wannan dokar ta kwana 90 ita ce dai ke kan ɗan kasuwarmu ko malaminmu mai zuwa taro a Turai, kuma shi sai ya fara cike takardu, ya biya Yuro 90 kuɗin biza, a hana shi ma kuɗin ba ya dawowa. Abin da 'yan Birtaniya ke kuka da shi shi ne mafi sauƙin abin da sauran duniya ke sha a wannan ƙofa.

Akwai kuma mutanen da ba a cika jin muryarsu a wannan muhawara ba, su ne masu garin. Gidan da ake zama a cikinsa wata uku ko shida, sauran watannin a rufe yake, alhali matashin Malaga mai aiki a otal ya rasa ɗakin hayar da albashinsa zai ɗauka. A Afrilun 2024 dubun dubatar mutane sun fito zanga-zanga a tsibiran Canary, a Yunin shekarar kuma mutanen Malaga suka cika tituna kan tsadar muhalli. A wannan shekarar fari ya sa aka taƙaita ruwa a lardin Malaga, har da hana cika wuraren ninƙaya na gidaje. Mai zuwa ya tafi ba ya cikin rajistar mazauna gari, wadda da ita ake auna kason kuɗin da ƙaramar hukuma ke samu, amma yana amfani da titi da kwashe shara da motar ɗaukar marasa lafiya. A Janairun 2025 Firaminista Pedro Sánchez ya kawo shawarar ɗora harajin da zai iya kai kashi ɗari bisa ɗari a kan gidajen da baƙi 'yan wajen Tarayya, waɗanda ba mazauna ba, ke saya, a Afrilu kuma aka rufe shirin ba da izinin zama ga mai sayen gidan Yuro 500,000. Ban yarda dattawan Birtaniya ne tushen matsalar gidaje a Sifaniya ba. Ƙarancin gine-gine da hayar kwana-kwana ga masu yawon buɗe ido sun fi su laifi. Ban kuma yarda ba su da hannu ba. Gaskiya ne kuɗinsu ne ke riƙe gidajen abinci da magina da masu gyaran lambu a watannin da baƙi ke ƙaranci, amma kashe kuɗi a gari bai mayar da mutum ɗan gari ba.

Abin koyi yana nan a gabansu. Wata 'yar Birtaniya mai suna Joan Hunt, bayan cutar daji ta kashe mijinta a Sifaniya, ta kafa gidauniyar Cudeca a 1992 domin kula da masu cutar da suka zo gargara, kyauta, ba tare da tambayar ɗan wace ƙasa ba ne. Cibiyarta tana Benalmadena, kuma har yau 'yan sa-kai, Turawan Ingila da 'yan ƙasa, ke tsaye a shagunan gwanjonta suna tara mata kuɗi. Babu wanda ya taɓa fita titi yana cewa irin wannan baƙuwa ta koma inda ta fito.

Hukuncina shi ne, gwamnatocin Turai su ba waɗannan dattawa wata shida a jere kamar yadda Birtaniya ke ba nasu mutanen, domin adalci ne kuma babu wanda zai cutu. Su kuma masu gida biyu su koyi harshen maƙwabtansu ko da na gaisuwa da zuwa asibiti ne, su biya harajinsu ba tare da an bi su ba, kuma wanda ya san gidansa zai yi rabin shekara a kulle ya nemi hanyar da ɗan gari zai amfana da shi.