Tsohon Inji a Lambunan Idles

Ƴan'uwa, wasu na yi wa tsohon injin huɗa na turawa kallon tarkace. Mu kam muna ganin ya fi dacewa da lambunan Idles bisa ga tarakta. Filayenmu ƙanana ne, a matse tsakanin duwatsun Ahaggar da bakin kwari. Tarakta ba ta juyawa a ciki sai ta rusa magudanar ruwa. Shi kuwa tsohon inji, in ya lalace, makaniken gari kan kwance shi ya ɗaura.

Sai dai a yi hattara. Haƙoransa ba su wuce taƙi guda ba. Suna niƙe ƙasar sama ta zama gari, iska ta kwashe, ta ƙasa kuma ta daskare ta hana ruwa nutsewa. Ga kiri-kiri, saiwar da ya daddatsa kowace sai ta tsiro.

Shawararmu: a tumɓuke ciyawa, a watsa taki, a huɗa sau ɗaya da ɗan danshi kafin shukar alkama, sannan fartanya ta gyara fangali. Ƙasar nan ba ta da yawa; wadda iska ta ɗauke ba ta dawowa.