Kallon jiragen sama na kyauta a Ingila: wa ke biyan kuɗin?

A garin Bournemouth da ke bakin teku a kudancin Ingila, tun shekarar 2008 hukumar gari ta fara shirya bikin wasan jiragen sama a ƙarshen watan Agusta ko farkon Satumba. A lokacin kallo kyauta ne. Jama'a dubbai ɗaruruwa kan cika bakin ruwa, su ɗaga kai suna kallon jiragen soja, musamman jajayen nan na rukunin Red Arrows.

To, mu da muke rayuwa da kasuwa mun san ma'anar irin wannan taro. Masu otel sun cika ɗakuna, masu abinci sun sayar, masu taksi ba hutu. Kwana huɗu na biki kan rufe wa ƙaramin ɗan kasuwa ramin makonni.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. A lokacin, wani kaso na kuɗin jirage, na tsaro da na shara daga asusun hukumar gari yake fita, wato lampon talakawa. Ga kuma haɗari: a 2011 wani matuƙin Red Arrows ya rasu da jirginsa ya faɗi bayan wasa a Bournemouth. A 2015 kuma wani jirgi ya faɗo kan hanyar mota lokacin wasan Shoreham, mutum 11 suka mutu. Daga nan aka tsananta dokoki, kuɗin shiri ya ƙaru.

Annobar korona ta hana bikin a 2020. Da aljihun hukuma ya yi rauni, sai ta ce bikin 2024, wanda aka rage zuwa kwana 3, shi ne na ƙarshe da za ta ɗauki nauyinsa. A 2025 ba a yi ba. Garin Sunderland ma ya yi nasa na ƙarshe a 2019.

A ganinmu, matsalar a fili take: riba tana shiga aljihun ƴan kasuwa, ɗawainiya tana kan hukuma. Da ƙungiyoyin masu otel da masu shaguna sun haɗa kaso mai tsoka tun ana samu, da wuya a rufe bikin cikin sauƙi haka. Duk taron da ke kawo mana masu saye, ya kamata mu san wanda ke biyansa, mu sa hannu tun bai gaji ba.