Rawar Wuni Ɗaya Ba Ta Koyar da Harshe

Akwai wata al'ada da ta kama a manyan makarantun ƙasar nan, wadda a ke kira ranar al'adu. Sau ɗaya a shekara sai a kafa rumfuna, a ɗauko makaɗa. Bayarabe ya sa agbada, Tibi ya yafa zanensa mai zanen baƙi da fari, Bahaushe ya hau doki da rawani. A yi rawa, a ci tuwo da sakwara, shugabanni su yi jawabi a kan haɗin kai, da Turanci. Da la'asar kowa ya tuɓe kayansa ya koma cikin 'yan garinsu. Wai shi ke nan an san juna. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, gama babu wanda ya tashi daga wurin da kalma goma ta harshen maƙwabcinsa.

Mai karatu ya duba Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Samaru cikin 1962. Babu wani sashe na Nijeriya da ba ya aiko da 'ya'yansa can. Kudan da Makarfi da Ikara kuwa duk a ƙasar Zazzau su ke, ba wanda ya kai tafiyar awa biyu a mota. Ga gonakin rake, ga masu dafa mazarƙwaila, ga lambunan tumatir da barkono a fadamu, ga rugagen Fulani. Duk abin da mai koyon aikin gona, ko aikin likita, ko likitan dabbobi ya ke karantawa a littafi, ga shi nan a fili. Amma ana iya samun yaro ya shekara huɗu ko shida a wannan ƙasa, ya karɓi takardarsa, bai iya amsa "Ina gajiya?" ba.

Wani zai ce, to, mene ne asara? Ai yana da Turanci. A ɗauki misali. Ga ɗalibin aikin lafiya an tura shi wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Ikara. Mace ta shigo da yaro a goye, ta ce yana da shawara. Shi kuwa abin da ya tsinta a kasuwar Samaru shi ne, shawara ita ce abin da babba ya ke ba yaro. Bai san ita ce cutar da ke mai da ido rawaya ba. Ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunan yaron, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, domin ɗan farinta ne. Ya tambayi sunan mijinta, ta ƙara sunkuyawa. Sai ya ɗauka taurin kai ne ko wauta, alhali kuwa kunya ce, kuma da ya juya wajen ƙanwar mijin da ta rako ta, da nan take ya sami sunayen duka biyu. Wannan ba a koyonsa a filin rawa. Haka malamin gona da ya san sunan ƙuduji da Latin, amma in manomin Hunkuyi ya ce ƙuduji ya cinye masa dawa, sai ya tsaya yana neman tafinta. Tafinta kuwa, kowa ya taɓa zama a kotu ko ofis ya sani, ya kan rage, ya kan ƙara, wani lokaci ma ya kan faɗi nasa.

Ko Turawan mulki, da duk girman kansu, sun gane wannan. Ba a barin Joji ya ci gaba a aikinsa a Jihar Arewa sai ya ci jarrabawar harshen ƙasa, yawanci Hausa. Hans Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, saboda jin Hausarsa aka sa masa suna Ɗan Hausa. Bargery ya yi shekaru yana bin gari gari yana tattara kalmomi kafin ƙamusunsa ya fito cikin 1934. Baƙi daga hayin teku sun yi wannan wahala don su mallaki ƙasa. Ɗan ƙasa da ya ke so ya yi mata aiki, shi ne zai ce ba shi da lokaci?

Amma kada Bahaushe ya karanta wannan ya gyara zama, yana cewa an gaya musu gaskiya. Nasa laifin ya fi girma. Ya saba kowa ya zo ya same shi a harshensa. Mutanen Bajju da Atyap da Gbagyi, waɗanda su ke jiha ɗaya da shi, yawancinsu suna jin Hausa kamar a Zariya aka haife su. Shi fa? Yana iya kwana ɗaki ɗaya da ɗayansu shekara uku, bai taɓa tambayarsa yadda a ke gaisuwar safe a gidansu ba. In kuwa baƙo ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, ya ce wa mace "kai" ko ya ce "gashi" a maimakon "gishiri", sai a fashe da dariya, a kira wasu su zo su ji. Wa zai sake buɗe baki bayan wannan? Tun 1973 da aka fara aikin bautar ƙasa, a kan tura samarin Arewa Ibadan ko Inugu. Da yawa sai su nemi unguwar Hausawa su fake, su dawo bayan shekara ba Yarbanci ba Ibo. Kakanninsu fatake, da su ke zuwa Gwanja sayen goro, ba haka su ke ba. Ba su da takardar shaida ko ɗaya, amma suna ciniki da Nufanci da Yarbanci da harshen Tonawa, gama sun san wanda bai ji magana ba shi a ke cuta a kasuwa.

Abin mamaki, gwamnati ta san maganin. Cikin 1991 ta kafa wani ƙauye na musamman a Badagiri, inda masu koyon Faransanci a jami'o'i su ke zuwa su zauna, ba a yi musu magana sai da Faransanci. An kafa irinsa na Larabci a Ngala ta ƙasar Barno. Watau an yarda harshe ba ya zama a baki sai an kwana an tashi da shi. To, in an kashe kuɗi an gina ƙauye domin harshen Faransa, don me a ke wuce ƙauyukan da Allah ya riga ya kafa a bakin ƙofar jami'a?

Akwai masu cewa wannan dabara ce ta mai da kowa Bahaushe. Tsoronsu yana da dalili, kuma ba a kawar da shi da jawabi. Abin da zai kawar da shi shi ne ciniki ya zama na ba ni in ba ka. A lokacin hutu a raba ɗalibai biyu biyu, Bahaushe ɗaya da baƙo ɗaya. Hakimi da dagatai su nema musu masauki a gidajen mutunci a Makarfi ko Kudan ko Ikara, mako uku. Da safe baƙon ya bi maigida gona, ya koyi sunan kowane abu da ya taɓa. Da dare shi ne malami, abokinsa da yaran gida su ne almajirai. Hutu na gaba kuma Bahaushen ya bi shi Zonkwa ko Ogbomosho, ya ɗanɗana yadda a ke ji in an yi wa mutum dariya. A ƙarshe a jarraba su duka biyu, a sa sakamakon cikin takardarsu, gama ɗalibi ba ya kula da abin da ba ya shiga jarrabawa.

Malaman da za su koyar suna nan, ba sai an aika ko'ina ba. Dattijon da ya zauna a ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemunsa, ya koyi baƙi da wasali yara suna leƙensa ta taga, ya san zafin kuskure a gaban mutane, ba kuwa zai yi wa baƙonsa dariya ba. Batun kuɗi kuma, a lissafa abin da a ke biya na hayar rumfuna da kujeru da makaɗa a ranar al'adu guda, a kwatanta da kuɗin mota daga Samaru zuwa Hunkuyi.