Gashin Kare a Cikin Mota: Dabara Ta Fi Ƙarfi

Hausawa na cewa kada a raina allura, ƙarfe ce. Wannan karin magana ya faɗo mini a rai ne a hunturun da na sayi wata mota ta hannu, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano, wato motocin da aka hau a Turai aka more, sannan aka lodo su a jirgin ruwa aka kawo mana. Inji lafiya lau, fenti yana sheƙi, amma da na ɗaga but sai na tarar da kafet ɗinsa cike da wani gajeren gashi fari-fari, ya nutse a cikin zare kamar dasa shi aka yi. Ashe mai motar na farko yana da kare, kuma a can ƙasashen kare abokin tafiya ne, kujerar baya tasa ce.

Na kai ta wani wurin wankin mota. Samarin wurin ba su yi ƙyuya ba: suka daki kafet da sanda, suka hura shi da iska mai ƙarfi ta inji, suka kwarara wa kujeru ruwa da garin sabulu. Da aka gama, gashi yana nan daram, mota ta ɗauki wani warin danshi, kuma 'yata mai ciwon asma ta shiga tari duk safiyar da na ɗauke ta zuwa makaranta. Daga nan ne na daina kallon lamarin a matsayin ƙaramin abu.

Ra'ayina shi ne, yawancin abin da muke yi da sunan tsabtace mota aikin ƙarfi ne wanda babu tunani a cikinsa, kuma sau da yawa yana ƙara ɓarna. Wanda ya san dalilin da ya sa gashi yake maƙalewa zai cire shi da kayan da ke cikin gidansa, ba tare da ya sayi wani tsadadden magani ba. Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan mujallar jami'a da gashin kare? Amsa ita ce, kimiyyar da ba ta iya bayyana abin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, da wuya ya amince da ita idan ta zo masa da labarin taurari. Bugu da ƙari, matsalar ba ta masu motocin Turai kaɗai ba ce. Likitocin dabbobi da mafarauta da masu karnukan gadi duk suna ɗaukar kare a mota, kuma duk wanda ya taɓa saka ragon layya ko akuya a but ya san irin wannan gashi.

Dalilai biyu ne suke riƙe gashi a jikin yadi. Na farko shi ne ƙirar gashin kansa. Ido yana ganinsa sumul, amma idan aka sa shi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, sai a ga bayansa lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar na jikin kifi, bakinsu duk yana fuskantar tsinin gashin. Kafet ɗin mota kuwa an yi shi ne da zaren roba, irin su nailan da foliyesta, waɗanda aka cusa cikin juna suka zama dubban ƙananan madaukai. Duk lokacin da aka zauna ko aka taka, sai gashi ya ƙara kutsawa, ɓawon nan kuma ya hana shi komowa. Mu da muka tashi muna cire ƙarangiya daga bakin wando ba baƙin wannan al'amari ba ne. Irin wannan ne ma ya faru da wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, a shekarar 1941, lokacin da ya dawo daga daji ya ga ƙayoyin wata ciyawa sun maƙale a jikin karensa. Ya duba su da madubi, ya ga ƙugiyoyi ne ƙanana, daga nan ya ƙirƙiro maɗaurin Velcro da muke gani a takalman yara, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1955.

Dalili na biyu shi ne lantarkin gugayya. Tun zamanin da, Girkawa sun lura cewa idan aka goga wani irin daskararren ƙaron itace da suke kira elektiron, yakan jawo ƙananan abubuwa marasa nauyi, kuma daga sunansa ne likitan nan na Ingila, William Gilbert, ya samo kalmar da ta haifi sunan lantarki a shekarar 1600. Idan gashi ya gogu da zaren roba, ɗaya yakan ƙwaci caji daga ɗaya, sai su riƙa jan juna. Danshin iska ne yake kwashe wannan caji sannu a hankali. To, a lokacin hunturu danshin iska a garuruwa irin su Kano da Damagaram yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa mutum yakan ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, kuma shi ya sa gashi yake ƙara naci a wannan lokaci. Goga kafet da busasshen buroshin roba mai tauri a irin wannan yanayi ƙara wa gashi ƙarfin riƙo ne kawai.

Sai kuma abin da ya fi damuna, wato abin da ido ba ya gani. Gashi shi kansa ba shi ne yake tayar da asma ba. Masu tayar da ita wasu sinadaran furotin ne da ke cikin yawun kare da amosanin fatarsa, mafi shahara a cikinsu masana suna kiransa Can f 1. Kare yana lasar jikinsa, yawu ya bushe a kan gashi, sannan ya farfashe ya zama ƙura mai laushi da ke daɗewa tana yawo a iska. Wani bincike da aka yi a birnin Detroit na Amurka, aka wallafa a 2011, ya auna ƙurar gidaje masu karnuka iri-iri, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin gidajen da ke da karnukan da ake tallatawa da cewa ba sa tayar da ciwo da sauran gidaje. Saboda haka wanda ya daki kafet da sanda ko ya hura shi da iska, ya tayar da wannan ƙura ne daga inda take kwance, ya shaƙi rabonsa, sauran kuma ta sauka a kan kujeru da ramukan iskar sanyi. Wanda ya jiƙa kujera sharkaf shi ma ya jawo wata sabuwa, domin soson da ke ciki yana riƙe ruwa, kuma fumfuna tana iya fara tsirowa cikin kwana 1 zuwa 2 a wurin da ya zauna da danshi. Ita ma fumfuna abokiyar gabar mai asma ce.

To, mene ne abin yi? Tunda an san dalilai, magani ya fito fili. A buɗe ƙofofi duka, a fitar da shimfiɗun ƙafa waje, mai aikin ya rufe hancinsa da baki. A yayyafa ruwa kaɗan, yayyafi kawai wanda zai kashe cajin lantarki, kuma idan da hali a ɗiga masa ɗan ruwan laushin tufafi, domin shi ma yana rage caji. Sannan a sa safar hannu ta roba, ko a ɗauki tsohon silifas mai tsabta, a riƙa jan kafet da gajeren ja zuwa gefe guda. Roba tana kama gashi ta fizgo shi daga madaukai, sai a ga yana nannaɗewa yana zama dunƙule, a tsince da hannu. Idan an gama gefe ɗaya, a sake bi ta gicciye. Ga kafet mai tauri na but, dutsen goge kaushi yana aiki, amma da hannu mai sauƙi, kuma kada a kusantar da shi ga kujerar fata ko robar jikin ƙofa, don zai karce su. Lungunan ɗinki kuwa salatif mai faɗi ya ishe su. Sai bayan duk wannan ne injin zuƙar ƙura zai yi amfani, domin aikinsa kwashe abin da aka riga aka kwance. Daga ƙarshe a goge ko'ina da tsumma mai ɗan danshi, a canza matatar iskar cikin mota idan motar tana da ita, a bar ƙofofi a buɗe har komai ya bushe sarai.

Wani zai ce wannan hanya tana cin lokaci, mai wankin mota kuma layi yake jiransa. Gaskiya ne, ni ma sai da na ɓata yammaci biyu kafin na gama da motata. Amma aikin da aka yi da gaggawa aka bar gashi a wurinsa, an yi asarar kuɗi da ruwa ke nan, kuma samarin da suke yini suna shaƙar wannan ƙura su ne na farkon cutuwa. Ba laifinsu ba ne, abin da suka tarar ana yi suke yi. Laifin namu ne, mu da muka karanta lantarkin gugayya a aji muka rubuta a jarrabawa, amma ba mu taɓa tsayawa minti biyar mun bayyana wa mai wanke mana mota ba. Batun hukuncin tsarkin kare kuwa fagen malamai ne, na bar musu. Abin da nake magana a kai lafiyar ƙirji ce.

Ga masu ɗaukar dabba a mota, rigakafi ya fi magani. A taje kare a waje kafin ya shiga, a shimfiɗa leda mai kauri ko tabarmar roba a inda zai kwanta, haka ma rago da akuya. Ga mai shirin sayen motar hannu kuwa, bayan ya duba inji da giya, ya ɗaga kafet ɗin but ya leƙa ƙarƙashin kujeru, musamman idan akwai mai asma a gidansa. Tarin 'yata ya lafa bayan na tsabtace motar na canza matatar iska, kuma tun daga ranar akwai safar roba guda a aljihun motata. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.