Katin Ɗan Wasa Da Lambar Da Ke Kansa

Duk wanda ya san Jiddari Polo, unguwar nan ta Maiduguri, ya san samarinta ba su rabo da wayar hannu, kamar dai takwarorinsu na sauran garuruwa. Magabata kuwa sukan ce ɓata lokaci ne kawai. Sau da yawa suna da gaskiya. Amma akwai wata 'yar sana'a da ta tsiro daga wasannin na'ura wadda ta isa a tsaya a dube ta, watau zanen katin ɗan wasan ƙwallon kwando.

Asalin abin daga Amurka ne. Tun cikin 1948 kamfanin Bowman ya buga katunan 'yan ƙwallon kwando a kan kwali, yara suna saye suna musaya. Cikin 1999 aka fito da wasan na'ura mai suna NBA 2K, sa'an nan cikin 2012 aka ƙara masa wani sashe da ake kira MyTeam, inda katin ya bar kwali ya koma cikin allo. Mai wasa yakan tara katuna ya haɗa ƙungiyarsa da su. An kasa su daraja-daraja da sunayen duwatsu masu tsada, irin su zumurrudu da yakutu da daimon, kuma kowane kati yana ɗauke da lambar da ke nuna gwanintar mai shi. Wanda ya kai 99 ya shiga sahun zakaru.

Kamfanin da ke da wasan ne kaɗai ke fitar da katin da ke aiki a gasar. Wanda saurayi ya zana da hannunsa hoto ne kurum, na aika wa abokai ko na bugawa a manna a bango. To, duk da haka aikin ba na malalaci ba ne. Sai an sami hoto mai kyau, an yanke mutum daga abin da ke bayansa ba tare da an gutsure masa yatsa ko kunne ba, an zaɓi launin da zai fito da shi, an sa lamba da gurbin da yake bugawa a kusurwa, suna kuma a ƙasa da haruffan da za su karantu ko a ƙaramin allo. Masu kwamfuta sukan yi da Photoshop, masu waya da PixelLab ko Canva. Hannun da ya iya wannan, shi ne zai iya katin gayyatar biki da tallar shago, kuma nan ne kuɗin cefane yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen lamba. A ce saurayi ya tashi zana wa abokinsa kati. Kunya da son burgewa za su sa ya danna masa 99, alhali kuwa abokin bai taɓa buga wasa a gaban alƙali ba. Lalle wannan ganganci ne. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, bai sami darajarsa ta hanyar alfarma ba. Ya ɗauki kofin NBA da Houston Rockets cikin 1994 da 1995, kuma ya kaɗe ƙwallon abokan hamayya sau 3,830, adadin da ba wanda littattafan gasar suka nuna ya kai shi. In an ba irinsa 99, akwai takardar da za a buɗe a nuna. In kowa a unguwa ya zama 99, to ba sauran abin da lambar ke faɗa, kuma yaron da aka yi wa ƙarin gishiri shi ne zai ji kunya ranar da ya shiga fili. Mai zane na ƙwarai sai ya je gefen fili da biro da takarda, ya ƙirga jifa nawa aka yi, nawa suka shiga raga.

Sai batun izni. Hoton mutum ba kayan tsintuwa ba ne. Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan jami'ar UCLA, ya ga siffarsa cikin wani wasan na'ura ba tare da an tambaye shi ko an biya shi ba. Ya kai ƙarar hukumar wasannin jami'o'in Amurka cikin 2009, kotu kuma ta ba shi gaskiya cikin 2014. Balle a nan, inda hoton 'yar wani da ya yaɗu ba da sanin gidansu ba zai iya haddasa fitina.

Iyaye kuma su san cewa a cikin wasan ana sayar da katuna a ƙunshe, mai saye bai san abin da zai fito masa ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca cikin 2018, har kamfanin ya janye shi a can. Zanen kati ba ya buƙatar ko sisin kwabo daga wannan hanya.

Waɗanda suka cancanci kati kuwa ba sai an haye teku neman su ba. D'Tigers sun ci kofin Afirka cikin 2015, suka kuma doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci cikin 2021. D'Tigress sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris cikin 2024 suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a wasannin Olamfik. Ga 'yan Kano Pillars, ga 'yan Gombe Bulls, ga yaran makarantun Borno da ke jifa a kwandon da ba raga. Mai zana wa ɗaya daga cikinsu kati ya rubuta a ƙasa ranar da aka ɗauki hoton, da filin da aka yi wasan, da sunan wanda ya yi ƙirgen.