Herkul na tele da Herkul na Girkawa: abin da aka cire daga labarin

Duk wanda ya yi samartaka a ƙarshen shekarun 1990 ya san Herkul da Zena, ko a tele ko a gidan kallo. Yanzu kuma sun dawo ta hanyar waya, da muryoyin Faransanci, yaran da ba a ko haifa ba lokacin da aka yi shirin suna ta kallo. Manya kan leƙa su yi dariya, su ce dubi dodon roba, dubi dutsen kwali da mutum ɗaya ke ɗagawa kamar buhun ƙaiƙayi. Masu ilimin tarihi kuma suna ƙorafin an dagula labarin Girkawa. Ni a ganina dukansu biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Shirin yana da aibi, amma ba a wurin da suke nunawa yake ba.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Shirin Hercules: The Legendary Journeys ya soma ne da finafinan tele guda 5 a 1994, sannan ya zama mai dogon zango daga 1995 zuwa 1999, kashi 111, Kevin Sorbo ne jarumin. Daga cikinsa aka fitar da Xena: Warrior Princess, daga 1995 zuwa 2001, kashi 134, inda Lucy Lawless ta fito a matsayin Zena. Sam Raimi da Robert Tapert, Amurkawa, su ne suka shirya su. Ba a Girka aka ɗauka ba, ba kuma a Amurka ba. A Niyu Zilan aka yi aikin, a kewayen birnin Okland, saboda can ya fi araha, ga daji ga tsaunuka ga teku a kusa da juna. Shi ya sa ƙasar Girka ta cikin shirin take kore shar, alhali Girka ta gaskiya ƙasar duwatsu ce da itacen zaitun.

Ƙarancin kuɗi a fili yake, ba wanda zai musa. Ƙauye ɗaya ne ake sake wa fuska a kira shi da wani suna. Ɗan wasa ɗaya kan fito a matsayin mutum biyu ko uku: Karl Urban ya yi Kupid, ya kuma yi Yuliyus Kaisar. Siddabarun kwamfuta na wancan zamani, idan aka kalle shi yau, kamar zanen ɗan aji uku yake. To amma a dubi inda waɗannan ma'aikata suka kai. Ngila Dickson, wadda ta yi ɗinkin kayan Herkul da Zena, ita ce ta karɓi kyautar Oska a 2004 tare da Richard Taylor saboda kayan fim na uku na The Lord of the Rings. Shi Taylor ɗin, ma'aikatarsa ta Weta ta yi aikin ƙera dodanni a shirye-shiryen nan kafin duniya ta san ta. Karl Urban ma ya shiga waɗannan manyan finafinai. Ashe dodon robar da muke wa dariya makaranta ce. Wanda ya koyi sana'a da kayan aiki kaɗan, ranar da ya samu da yawa ba zai ɓata su ba. Mu da muke koyar da yara saba'in da allo ɗaya da guntun alli, bai kamata a ji mu muna raina aikin da aka yi cikin rashi ba.

Ban da haka, tun yaushe gatana take buƙatar kuɗi? Kakanninmu da murya kaɗai suke sa Dodo ya tsaya a bakin zaure, har yaro ya kasa fita fitsari. Yaron da ke kallon Herkul ya san dodon nan roba ne. Ya yarda ne a yi wasan da shi, kamar yadda ya yarda Gizo yana magana da tsamin baki.

Sai ƙorafi na biyu, na dagula labari. Gaskiya ne an dagula. Zena ta halarci yaƙin Taroya, ta ga Dauda da Jaluta, ta kuma yi gaba da Yuliyus Kaisar wanda aka kashe a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Tsakanin waɗannan abubuwa akwai ɗaruruwan shekaru. Ita kanta Zena babu ta a labaran Girkawa, marubutan shirin suka ƙirƙiro ta. Iyolawus, wanda shirin ya mayar aboki, a tsohon labari ɗan ɗan'uwan jarumin ne. Ko sunan Herkul na Rumawa ne, Girkawa Herakles suke cewa.

Sai dai su Girkawan ma ba su taɓa samun labari ɗaya tilo ba. Kowane gari da nasa, kowane mawaƙi da yadda yake juya shi. A riwayar da ta fi yaɗuwa, ayyuka 10 aka ɗora wa Herakles, sai sarki Yuristiyus ya ƙi ƙidaya 2: kashe macijin Lerna mai kawuna da yawa, don an taimaka masa, da share garken shanun Awgiyas, don ya nemi lada. Ta haka suka zama 12. Yuripides kuwa, marubucin wasan kwaikwayo na Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya juya tsarin labarin gaba ɗaya, ya sa babbar masifar jarumin ta zo bayan ya gama ayyukan, ba kafin su ba. Idan shi ya yi haka a gaban mutanen Atina, ban ga dalilin hana wasu yi a Okland ba. Mu ma gatanar da aka ba ni a Damagaram, na ji ta a Maraɗi da wani ƙarshe dabam, ba wanda ya kai ƙara.

Amma akwai canji ɗaya da ban yafe ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A kashin farko na shirin, Hera, matar Zus, ta jefo wuta daga sama ta ƙone matar Herkul da ƴaƴansa. Shi ba shi da laifin komai. An zalunce shi, ya yi fushi, ya huce, sai ya shiga duniya yana taimakon raunana. A wurin Girkawa ba haka abin yake ba. Hera ta jefa masa hauka, shi da hannunsa ya kashe ƴaƴan da Megara ta haifa masa. Da hankalinsa ya dawo ya ga abin da ya aikata, sai ya tafi Delfi neman yadda zai yi, aka ce ya je ya yi wa Yuristiyus bauta, mutumin da bai kai shi ƙarfi ko daraja ba. Zakin Nemeya, da macijin Lerna, da kashin shanun da ya share, da karen lahira da ya jawo, duk biyan bashin jini ne. Bai tsaya yana cewa ai ba a hayyacina nake ba, ku je ku tambayi Hera. Yana da uzuri mai ƙarfi, amma bai fake da shi ba.

Na san abin da ya sa masu shirin suka cire wannan. Shiri ne na iyali, ana son jarumin da za a so tun daga kashin farko, kuma uban da ya kashe ƴaƴansa ba ya sayar da talla. To amma da suka cire shi, sun cire ƙashin bayan labarin. Abin da ya rage mutum ne mai ƙwanji da murmushi, wanda kullum wani ne ya cuce shi. Wannan darasin kuwa ba ma buƙatar a koya mana shi. Duk mushen da ya taɓa raba faɗa a filin lakol ya san kalmar farko da ke fitowa daga bakin kowane yaro: shi ya fara. Idan suka girma ma ba ta canzawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin mamaki, a hannun Zena wadda aka ƙirƙira ne tsohon labarin ya rayu. Ta fara fitowa a shirin Herkul a matsayin muguwar shugabar mayaƙa mai ƙone garuruwa. Da aka ba ta nata shirin, sai aka gina shi kan neman gyara ɓarnar da ta yi. Babbar abokiyar gabarta, Kalisto, yarinya ce da rundunar Zena ta ƙone garinsu, iyayenta suka mutu a ciki. Wato dodon da take yaƙa, ita ta haife shi. A kashin ƙarshe, a 2001, an ba ta damar dawowa daga mutuwa ta ƙi, domin rayuka 40,000 da suka halaka a wata gobara da ta haddasa su samu salama. Wannan ita ce Herakles ta gaskiya, ko da sunanta babu a littafin kowane Bagirke. Kuma da kuɗi kaɗan ɗin nan aka yi ta, da dawakai da dazuzzukan da aka yi Herkul da su. Ke nan bambancin ba a aljihu yake ba, a alƙalami yake.

Na taɓa gwada wannan da ƴan ajina na CM2 a darasin tarbiyya. Na ba su labarin iri biyu, ba tare da tsananta bayanin kisan ba, na tambaye su wane Herkul ya fi jarumta. Da farko kusan duka suka zaɓi na tele. Sai wata yarinya ta ce na farkon yaƙi kawai yake yi, na biyun kuwa yana yaƙi yana jin kunya. Muhawarar da ta biyo baya ta cinye mana lokacin lissafi, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Akwai iyayen da damuwarsu dabam ce: gumakan Girkawa da shigar matan cikin shirin. Damuwa ce mai tushe, kuma kowane magidanci shi ya san abin da zai bari a kalla a gidansa. Wasu kashin na Zena ba na ƙananan yara ba ne, wannan ba gardama. Game da su Zus kuwa, shirin da kansa bai girmama su ba. Ya nuna su masu son kai da ƙeta da kishi, mutane na shan wahala a hannunsu. Yaron da aka zaunar aka gaya masa cewa waɗannan gatanar mutanen da ne, waɗanda suka bauta wa abin da suka ƙaga, zai gane. Wanda aka bar shi da waya shi kaɗai a ɗaki, shi ne abin tsoro, ko me yake kallo.

Shawarata ga malamai ƴan'uwana da iyaye ita ce, idan kun tarar da yaro yana kallon Herkul, kada ku tsaya kan dodon roba. Ku bari ya gama, sannan ku ba shi ɓangaren da aka cire: mutumin da ya fi kowa ƙarfi a labaran Girkawa ya yi shekaru yana yi wa wanda bai kai shi ba hidima, saboda ya yarda hannunsa ne ya yi ɓarnar. Ku tambaye shi me zai yi da shi ne. Masu shirya finafinanmu na Hausa ma, da suke kukan rashin jari, su duba nan. Jarumin da ke ɗaukar laifinsa ba ya cin ko dala a kasafin fim.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon ganin namu tudun kafin na wani.