ZANCEN GIDA: Akori-kura da Hazon Hunturu

Ga hunturu ya sake kewayowa, leɓuna sun tsage, yara kuma ba su son wankan safe. A wannan wata za mu yi zancen mota, kuma ga abin da ya jawo zancen.

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna tsaye a inuwar darbejiya, sai wani ɗan'uwa ya ciro wayarsa ya nuna mana hoton wata 'yar ƙaramar akori-kura. Ya ce ƙanensa da ke Amurka ne ya aiko masa, wai motar ba ta shan mai sai kaɗan, gama da mai da batir take tafiya. Ya ce yana tunanin ya sayar da shanun nomansa da gonar fadama, ƙanen ya cika masa, a ɗoro masa ita a jirgin ruwa. Ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, me kuka gani?" Muka ce ya ba mu lokaci. Amsar da muka ba shi daga baya ita ce muka kawo muku, gama mun san ba shi kaɗai ke wannan mafarki ba.

Da fari dai, sha'awarsa ba laifi ba ce. Duk wanda ya zauna a ƙasar Kiyawa ya san darajar akori-kura. Sunanta ma ya faɗi aikinta: ta zo ne ta kori kurar da ake turawa da hannu. Ita ke kwaso gero da dawa da gyaɗa da riɗi daga gona, ita ke kai su kasuwar Shuwarin. Ita ke ɗaukar kayan amarya, ita ke kai mai naƙuda asibiti a Dutse da tsakar dare. Iyayenmu sun san Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe ma'aikatar a 1975. Makanikin ƙauye yakan warware injinsu a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, zirga-zirga ta ƙaru, bukatar mota kuma ta ƙaru tare da ita.

Abin da ya sa maganar mai ta zama babba, kowa ya sani. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Motoci da yawa suka kwanta a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu. Saboda haka in an ce ga mota mai tsimin mai, dole kunne ya tashi.

To, mene ne gaskiyar irin wannan mota da ake kira haibirid? Tana da injin fetur kamar kowace mota, tana kuma da injin lantarki da babban batir. In za ta tashi, ko tana tafiya a hankali, lantarki ke jan ta. In an taka birki, ƙarfin da a dā yakan salwanta sai ya koma ya cika batir. In an tsaya, injin fetur yakan mutu da kansa. Ba sai an jona ta da wutar gida ba. Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irinta da yawa a Japan a 1997, da motar da ake kira Prius. Wadda ɗan'uwanmu ya nuna mana kuwa Ford Maverick ce, an fara sayar da ita a 2021, a ƙasar Meziko ake ƙera ta. Bisa awon hukumar Amurka, lita ɗaya tana kai ta kusan kilomita 16. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga motar kaya.

Amma mu duba sauran lissafin. Tsimin nan ya fi yawa a cikin birni, inda ake tsayawa ana tashi. A kan doguwar kwalta kamar wadda ta taso daga Kano ta bi Wudil da Shuwarin ta ratsa Kiyawa zuwa Azare, injin fetur ne ke yin yawancin aikin, ribar sai ta ragu. Sa'an nan nauyin da masu ƙera ta suka yarda ta ɗauka bai wuce kilo 680 ba, har da direba da fasinja. Wato buhu shida na gero da mai tuƙi, an gama. Wane mai akori-kura ne a ƙasarmu ya taɓa tsayawa a buhu shida? Na farkon da aka fitar ma tayoyin gaba kaɗai ke ja, ga shi kuwa hanyoyin gonakinmu yashi ne da rani, taɓo da damina.

Akwai kuma bambancin hunturu. Mutanen Amurka in sun ce hunturu, ƙanƙara suke nufi da santsin hanya. Namu hunturun ƙura ce da hazo da sanyin asuba, bayansa kuma zafin bazara ya biyo. Babban batirin nan ba ya son zafi, a yawancin irin waɗannan motoci fanka ce ke hura masa iska, ƙura kuwa takan toshe hanyar iskar. Wayoyinsa masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum, ba abin da yaron makaniki zai sa hannu da sukundireba ba ne. Ran da ya lalace, kuɗinsa ba na talaka ba ne. Muka tambayi ɗan'uwanmu, in ta tsaya maka a hanyar gona, wa zai duba ta? Kayan gyaranta a wane shago? Ya yi shiru.

Ubangijinmu ya yi wannan koyarwa a Luka sura 14, inda ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ƙidaya abin da zai kashe. Wanda ya sayar da shanu da fadama ya sayi mota, ya sayar da abin da zai ɗora a bayanta ke nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba mu ce kada kowa ya saya ba. Mai aiki a Dutse ko Kano, wanda ke da makaniki masani kusa, kayansa kuma marasa nauyi ne, mai yiwuwa ta biya shi. Amma kowa ya auna rigarsa da jikinsa.

Yanzu bari mu juya ga waɗanda Allah ya riga ya ba akori-kura, sabuwa ko tsohuwa, gama a wannan wata akwai hatsari a hanya. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa. Wata shekara muka tashi da asuba za mu ɗaurin aure, mata da yara cike da bayan mota, kowa ya ƙudundune cikin zane. Hazo ya rufe hanya, fitila ɗaya ce ke aiki, direba kuma yana sauri don kada a fara ba mu. Ba mu ankara ba sai ga amalanken shanu a gabanmu, ba fitila, ba alama. Ya taka birki, motar ta juya ta sauka gefe. Allah ya tsare rai, amma wata yarinya 'yar ajinmu ta faɗo ta karye a hannu. Har yau in ta ɗaga hannun a aji, mukan tuna cewa muna zaune a gaba muna gani, ba mu ce wa direba ya rage gudu ba.

Saboda haka ga shawararmu. Kada a tashi da duhu in hazo ya sauka, a jira rana ta ɗaga. A kunna fitila ko da rana ne, a bar ta ƙasa-ƙasa, gama doguwar fitila cikin hazo idon mai ita take kashewa. A wanke gilashi da ruwa, kada a goge shi a bushe, ƙura takan karce shi. A ciro matatar iska a kakkaɓe ta kowane mako, in ta toshe mota takan rasa ƙarfi, tsohuwa kuma ta ƙara shan mai. A duba ruwan lagireto da baƙin mai da iskar taya tun da sanyin safiya. In batir ya fara nauyin tashi, a canja shi, kada a dogara ga turin yara. Fiye da duka, kada a ɗora mutane a kan buhuna. Bayan akori-kura ba shi da kujera, ba shi da abin riƙo. Gara sawu biyu da zaman makoki. Sauri ya haifi nawa.

Ku iyaye mata, kuna da baki a nan. In kun ga mota ta cika, ku sauke 'ya'yanku, ko da za a ce kun cika tsoro. Ku dattawan ikkilisiya, in za a yi tafiyar zumunta, a tara kuɗin mota biyu tun da wuri.

Abu na ƙarshe. Basamariyen nan na Luka sura 10 a kan dabbarsa ya ɗora mutumin da aka yi wa rauni, bai tambayi ko shi wane ne ba. Akori-kurar Kirista ita ce dabbar nan a zamaninmu. In maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare, Kirista ne ko Musulmi, ya kamata ya tarar da mai a tanki, taya da iska, mai gida kuma da sakin fuska. Motar da bashi ya kwantar ba za ta kai kowa asibiti ba.

Ɗan'uwanmu dai ya fasa sayar da fadamarsa. Ya roƙi ƙanensa ya taimake shi su gyara tsohuwar motar da ke ƙofar gidansu. Jiya muka gan ta ta wuce da buhunan riɗi, fitilunta biyu a kunne.

Allah ya kiyaye fitarku da shigarku. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.